Tagar Ɗakin Inna

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Na samo ta. Wallahi na samo ta, tun kafin in gama wanke fuska. Taga ce da babu rodi ko ɗaya a gicciye, amma ɓarawo ya wuni yana dukanta ba zai shiga ba. Na zana ta a bayan kwalin sabulu, matata tana ta faɗa wai na yaga mata kwali alhali sabulun bai ƙare ba.

Bari in rubuta yadda ake ciki, ko kaina ya daina juyi. Yau kwana goma sha ɗaya da ɓarayi suka shiga gidan Inna da rana tsaka. Ta tagar kicin suka bi. Jak ɗin mota suka sa tsakanin rodi biyu, suka buɗa su kamar bakin jaka. Ni na yi waldar ƙarafan nan da hannuna shekara shida da suka wuce, har da cika baki. Inna tana cikin gidan ita kaɗai. Sauran ba na rubutawa ba ne.

Tun ranar tana wurin Yaya, a hawa na uku, inda ko tukunyar shuka babu da za ta ba ruwa. Yaya ta ce in wata ya ƙare Inna ba ta ce za ta koma ba, za ta zuba 'yan haya a gidan, magana ta ƙare. Gidan da Inna ta yi shekara arba'in da ɗaya a ciki ke nan. Ina da kwana ashirin da takwas.

Litinin, ƙarfe biyu na rana, a shago

Na nuna wa Dogo zanen. Shekara goma sha biyar muna walda tare, ban taɓa kawo masa shawara ya ce "to" a karon farko ba. Ya juya kwalin sama, ya juya ƙasa.

Ya ce, "Mutumina, ina ƙarafan?"

Na ce babu. Na ce rodi shi ke ba jak wurin zama, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za mu yi firam na ƙarfe mai kauri, mu binne shi cikin bango da dogayen noti. Gilashin kuwa irin mai ninki uku ne, da roba a manne tsakani, ko ya fashe ba ya zubewa. Sakata uku, sama da tsakiya da ƙasa, duk mariƙi ɗaya ke tura su.

Ya ce, "To wa zai yi mana ɓarawo mu gwada?"

Na ce ai ga ka nan, fuskar ma ta dace. Ya jefe ni da safar hannu, amma na ga idonsa ya fara ƙyalli.

Laraba, 5 ga wata, da yamma

Gilashi ya iso. Mutum biyu muka ɗauke shi muna nishi. Na kasa cin abincin rana don murna.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gaishe da Inna. Na same ta a kujera kusa da baranda, tana kallon rufin gidajen mutane. Ta rame, ko kuma kujerar Yaya ce ta yi mata girma.

Na zauna a ƙasa na yi ta ba ta labarin taga. Na gaya mata kaurin firam, na gaya mata gilashin nan ko guduma ba ta huda shi, na kwatanta mata sakata uku da yatsuna. Na fi rabin awa ina zuba. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Hannuwanta suna cikin mayafi tun da na shiga har na fito.

A bakin ƙofa Yaya ta ce, "Kai dai ba ka gajiya da surutu. Ka tambaye ta jiki kuwa?"

Na ce na gaishe ta. Ta ce ba gaisuwa ta ce ba. Na ce ina sauri, mai fenti yana jirana. Babu wani mai fenti da ke jirana.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau aka yi ta. Mun gina ɗan bango a bayan shago, muka kafa tagar a ciki, Dogo ya ɗaura ƙyalle a fuska wai don abin ya yi kama da gaske. Ni ina riƙe da agogo.

Ya fara da sandar ƙarfe, yana neman inda zai soka bakinta tsakanin firam da bango. Babu. Ya kawo jak, ya zagaya da shi kamar mai neman wurin ajiye jariri, ya rasa inda zai kafa. Sai ya ɗauki guduma. Duka na farko gilashin ya yi fari, ya tsattsage kamar gidan gizo-gizo, amma yana nan a tsaye. Na biyu, na biyar, na goma. Masu gyaran babur da mai faci duk sun bar aikinsu sun zo kallo, suna ƙirga masa. A duka na ashirin da uku Dogo ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce shi ya tuba da sata.

Minti tara, ramin da ya yi ko dunƙulen hannu bai kai ba. Wane ɓarawo ne zai tsaya minti tara yana wannan kiɗa da rana tsaka? Na yi tsalle, ni da furfurata. Mai faci ya ce a yi masa guda biyu.

Na kira Yaya ina gaya mata, ta ce Inna tana barci, in rage murya.

Talata, 11 ga wata, da safe

Kafaɗar Dogo ta riƙe. Ya ce in rubuta a littafina cewa shi ma ya ba da gudummawa. Ga shi na rubuta.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mun kafa tagogi huɗu a gidan Inna: kicin, falo, ɗakin baƙi, da ɗakinta. Na kicin ban sha wahala ba, ɓarayi sun riga sun yi mini rabin aikin. Na ɗakinta ne ƙarafan suka ƙi fita. Ko gezau ba su yi ba, sai da na sa giranda na yanke su ɗaya bayan ɗaya. Waldar nan ta yi kyau ƙwarai. Ban san me ya sa hakan ya ɓata mini rai ba. Na sani, amma ba yanzu ba.

Baba tela, maƙwabcin Inna da shagonsa ke kallon tagar ɗakinta, ya fito ya tsaya yana kallona ina yanka. Na gaishe shi, ya amsa. Da rodi na ƙarshe ya faɗi ƙasa sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya koma kan kekensa.

Ɗakin ya yi haske kamar an cire masa rufi. Na share, na goge gilashin da jarida har sau uku, na ba shukokinta ruwa. Biyu sun mutu, na ɓoye tukwanen a bayan gida.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yaya ta yarda, Lahadi za ta kawo ta ta gani. Gani ya kori ji. Na sayi sabon labule mai ruwan ganye.

Asabar, 15 ga wata, da rana

Na koma na sake goge gilashin. Matata ta ce in na ci gaba zan suɗe shi ya ƙare.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta zo.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Jiya na kasa rubutawa. Bari in gwada yau.

Ta shigo a hankali, Yaya tana riƙe da gwiwar hannunta. Ta duba falo, ta duba kicin. Ni ina gaba ina bayani kamar dillali. Da muka shiga ɗakinta na ɗauki guduma zan fita waje in nuna mata, sai ta ce, "Auta, ajiye wannan. Ta ina ake buɗewa?"

Na nuna mata mariƙin. Na murɗa shi da hannu ɗaya, sakata uku suka ja baya, ƙarar ma daɗin ji. Na mayar na rufe. Ta fito da hannunta daga mayafi. Ranar ce na fara ganinsa sosai. Wuyan hannun ya kumbura, yatsu biyu ba sa lanƙwasawa, ɗayan hannun ma bai fi shi da yawa ba. Ta kama mariƙin ta murɗa, bai motsa ba. Ta haɗa hannu biyu. Ta sa ƙirjinta ta danna. Na ga gumi a goshinta, mariƙin yana nan inda na bar shi.

Na ce sabo ne, zai saki, zan sa masa mai.

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "In sun shigo ta ƙofa fa?"

Ta mayar da hannun cikin mayafi, ta ce wa Yaya su tafi, yamma ta yi. A tsakar gida ta tsaya ta ƙirga tukwanen shukarta da ido, ba ta tambayi biyun ba.

Talata, 18 ga wata

Ban je shago ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan da nufin cire labulen, sai Baba tela ya kira ni. Ya ba ni kujera, ya ci gaba da ɗinki bai dube ni ba. Ya ce shi ba mai shiga maganar gidan wasu ba ne, amma abin yana cinsa.

Ya ce ranar nan Inna ta ji ɓarayin tun suna kicin. Ta kulle ɗakinta, ta zo taga tana kiransa. Shi ya ruga ya kama rodin ta waje, ita ta ciki, suna ja tare. Ya ce, "Minti nawa ne ban sani ba, ɗana. Da taga ce kawai, da na ɗauko ta kamar yarinya. Ina ganin ƙofar ɗakin tana girgiza a bayanta." Da ƙofar ta ɓalle ba ta saki rodin ba, sai da ɓarayin suka ɓamɓare ta daga jikinsa.

Ya tsayar da keken. Ya ce, "Ba don in ɗora maka laifi na faɗa ba."

Na ce na sani. Tun ranar farko na sani, Yaya ta faɗa mini a asibiti, na toshe kunnena. Na fi son in tuna rodin kicin da ya lanƙwashe, don wannan kunyar sana'a ce, ana iya gyara ta da ƙarfe mai kauri. Na ɗakinta da ya ƙi lanƙwasawa shi ne ban iya kallo ba. Sai na je na sake yin irinsa, da gilashi mai kyau.

Minti tara Dogo ya yi yana dukan tagar nan, jama'a suna tafi, duk muna tsaye a waje. Haka muke gwada kowane aiki tun da na koyi walda. Ko mutum ɗaya a cikinmu bai zagaya bayan bangon ya tsaya inda Inna za ta tsaya ba. Na yi kuka a shagon tela, ya miƙo mini ƙyallen yadi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na kira Yaya. Na ce, "Yaya, yaya hannun Inna?"

Ta ce, "Yau ka ga dama?"

Na ce ta yi haƙuri, ta gaya mini abin da hannun ke iya ɗauka. Ta ce ita ba sikeli ba ce. Can ta ce butar shayi in rabi ce Inna tana ɗagawa, in ta cika sai an zuba mata.

Na ɗauki butar matata na cika ta rabi, na rataya a sikelin shago: kilo ɗaya da ɗan kai. Na ɗaura sikelin a mariƙin tagarmu na ja: kilo tara. Dogo ya dubi allurar ya ce, "Ashe mu ne ɓarayin." Saura kwana goma sha ɗaya.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Na tsawaita mariƙin ya kai kamu biyu, ya sauko kilo uku. Na rage ƙarfin sifirin da ke danne sakatun, ya sauko biyu. Har na fara rawa, sai Dogo ya zagaya waje, ya zura waya ta ramin da ya yi da guduma, ya saƙalo dogon mariƙin, taga ta buɗe masa kamar ana yi masa maraba. Ana wata ga wata. In ya yi sauƙi ga Inna, ya yi sauƙi ga ɓarawo.

Lahadi, 23 ga wata

Zane bakwai, duk na banza. Matata ta ɓoye kwalayen gidan.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Abin nema ya samu, matar ɗansanda ta haifi ɓarawo!

Na je auna tagar ɗakin, na zauna a shagon Baba tela ina jiran rana ta yi sanyi. Ina kallonsa yana ɗinki. Hannuwansa suna kan yadi kawai, ba su yin wani aikin ƙarfi. Ƙafarsa ce a ƙasa take taka faranti, ita ke juya keken gaba ɗaya. Dattijo ne da ya girmi Inna, amma ƙafar nan ba ta gajiya.

Ƙafar Inna lafiya lau take. Matar da ke hawa bene uku a gidan Yaya tana yi wa matasa gori.

Na durƙusa a ƙarƙashin kekensa ina leƙe, ya ce, "Lafiya, ɗana? Allura ka yar?" Na ce Baba ka ba ni aron ƙafarka. Na yi masa bayani: faranti a ƙasa, a gindin bango, sanda ta bi ta cikin bututu ta hau zuwa sakata. Nauyin jikin mutum shi zai yi aikin. Kuma yana can ƙasa nesa da gilashi, ko ɓarawo ya huda rami, wayarsa ba za ta kai ba, in ta kai ma ba ta da nauyin takawa.

Baba tela ya ce yana da tsohon keke a ɗaki da ya mutu, in ɗauki farantinsa. Na rungume shi har hularsa ta faɗi.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe uku na rana

Yau gwajin daga ciki aka yi shi. Na sa Dogo ya ɗaure mini hannu biyu a baya da igiya, ya ce ya daɗe yana jiran wannan rana. Na tsaya a bayan bango, na taka. Sakata uku suka ja, taga ta tura kanta waje. Na sake, na sake, har sau hamsin. Na cire takalmi na taka da ƙafa tsirara. Na rufe ido na laluba da yatsan ƙafa na same shi.

Sai kuma na gwada fita, a nan na ci ƙasa. Dakalin tagar ya kai mini ƙugu, hannu a ɗaure ba ya hawuwa. Masu babur sun yi dariya har da riƙe ciki. Ban ji haushi ba, gara ni in faɗi yau. Za a sauke dakalin da layin bulo biyu, a yi matakala ɗaya ciki, ɗaya waje, a sa sabon firam dogo.

Dogo ya ɗauki gudumarsa ya sake yin minti goma a waje, ya zura waya, ya zura sanda. Bai samu komai ba.

Juma'a, 28 ga wata, da yamma

Magini ya gama, siminti yana bushewa. Na yi wa farantin murfi da ake turewa da ƙafa, saboda jikoki. Baba tela ya shiga ya taka da kansa, ya fita ta taga, ya shiga ya sake. Sai da na ce masa kwastoma na jiransa.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yaya ta ce ba za ta sake wahalar da tsohuwa ba, masu haya ma sun zo sun ga gidan. Na ce ta ba Inna wayar.

Na ce, "Inna, ba zan yi surutu ba. Na ji abin da kika tambaye ni. Ki zo ki duba ko na amsa."

Na ji numfashinta a wayar. Ta ce, "Ka ci abinci kuwa? Muryarka ta shaƙe." Na ce na ci. Ta ce gobe bayan la'asar.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na yi alkawari ba zan yi magana ba, kuma na cika, ko da yake sai da na ciji leɓe.

Ta shiga ɗakin, ta dubi dogon gilashin, ta dubi matakalar. Ta nemi mariƙi ba ta gani ba. Na nuna ƙasa da yatsa. Ta sunkuya ta ƙura wa farantin ido, ta ce, "Wannan ba na keken tela ba ne?" Daga waje Baba tela ya ce shi ne.

Ta ce mu fita dukkanmu. Yaya ta fara cewa wani abu, Inna ta ce, "Har ke." Muka fita, muka ji ta murza makullin ɗakin daga ciki. Muka zagaya ta lungu muka tsaya a bakin shagon tela, ni da Yaya da Dogo. Labule a sauke yake, ba ma ganin komai. Yaya ta kama hannun rigata ta riƙe, abin da ba ta yi ba tun muna yara.

Aka daɗe. Na fara tunanin ko murfin ya cije, ko simintin ya riƙe sandar. Na ɗaga ƙafa zan matsa, Baba tela ya dafa kafaɗata.

Sai muka ji ƙarar sakata. Taga ta buɗe. Inna ta ture labule da kafaɗa, ta tattare zaninta, ta ɗora ƙafa ɗaya a dakali, ta sauko da ɗayar kan matakala. Na miƙa hannu, ta harare ni, na janye. Ta sauko ƙasa da kanta, hannuwanta ba su taɓa komai ba. Ta tsaya a lungun tana haki kaɗan, ta juya ta dubi ɗakinta daga waje. Yaya tana share ido da bakin gyale.

Dogo ne ya fara magana. Ya ce, "Inna, shekara goma sha biyar ina wannan aiki, yau na ga mai gida ta tsere daga gidanta."

Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin ranar. Sannan ta juyo wurina ta ce, "To Auta, na kulle ɗakin ta ciki, makullin yana jikin ƙofa. Shiga ta tagarka ka buɗe mini. Ke kuma aika a kawo mini kayana kafin magariba."

Na hau matakala na shiga, na buɗe mata ƙofa.